Jinin Malama Kubra

Shafi na 19

Na Talatu Kwandiko

Masu aiko min saƙo tun asuba kuna cewa na bar Malama Kubra a bencin asibiti na tafi harkata, na gani. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa in dai Kubra ta mutu kin daina karanta labarina har abada, ki gyara zama, ban ce komai ba tukuna.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Shekarar 1977 ce, lokacin Birnin Kudu tana cikin jihar Kano, an buɗe ilimi kyauta, yara sun cika azuzuwa har bakin taga. Malama Kubra tana koyarwa a firamare da safe. Da yamma kuma, Talata da Alhamis da Asabar, mijinta Malam Ƙasimu yana ɗaukarta a babur zuwa Zandam ta ƙasar Gwaram, garin mahaifiyarta, inda take koya wa matan aure karatu a ajin yaƙi da jahilci. Maƙoƙo ya fito mata a wuya, ya girma har ya fara danne mata numfashi. Likitan fiɗa da ke zuwa daga Kano ya ce sai an yi aiki. Ana sa rana ana ɗagawa, saboda jininta ya yi ƙasa. Yau aka sake awo.

*

Sista Martina ta leƙo daga ɗakin awo ta yafito ta da hannu.

"Malama Kubra, taso."

Kubra ta miƙe ta bi ta. Sista ta ja labule, ta nuna mata gado, ita kuma ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ya sake sauka."

"To."

"To? Iyakar abin da za ki ce ke nan?"

Kubra ta zauna a bakin gadon. Ranar da aka fara ɗaga aikin ta yi kuka har sai da Malam Ƙasimu ya tsayar da babur a hanya. Karo na gaba haushi ta ji. Yau kuwa babu kuka, babu haushi. Ta dai lura cewa wani maɓalli a rigar Sista ba kalarsa ɗaya da sauran ba, shi ta tsaya kallo.

"Ƙwayoyin ƙarin jinin da na ba ki, kina sha?"

"Ina sha."

"Hanta fa? Zogale? Alayyafo?"

"Malam yana sayo hanta duk ranar kasuwa. Har ta fita a raina."

"Al'adarki tana yi miki yawa?"

"A'a."

"Kina ganin jini a bayan gida?"

"A'a."

"To ina yake tafiya? Cire rigarki. Kullum wuya muke dubawa mu ɗebi jini a hannu, yau duk jikin zan gani."

Kubra ta cire. Sista ta zagaya bayanta. Can Kubra ta ji yatsa mai sanyi ya sauka a kafaɗarta, ya gangara a hankali har ƙugu.

"Yesu Almasihu. Wa ya yi miki wannan aikin?"

"Ƙaho ne."

"Na san ƙaho ne, ai ba a Ingila aka haife ni ba. Wa ya yi, nake tambaya."

"Abu, matar wanzamin Zandam. In na tashi aji bayana yana ciwo, sai su ce in kwanta a cire min mataccen jini."

"Mataccen jini." Sista ta maimaita a hankali. "Wata tsagar ta warke, wata ko ɓawo ba ta yi ba. Yaushe aka yi na ƙarshe?"

"Shekaranjiya."

"Kafin nan?"

"Asabar."

"Kafin nan fa?"

"Duk zuwan da na yi."

Sista ta jawo kujera ta zauna.

"Mu muna zubawa ta baki, wata tana kwashewa ta baya. Haba Malama. Ke fa mai ilimi ce."

"Bayan yana daina ciwo," in ji Kubra.

Gaskiya ta faɗa, kuma kada wata ta zo min sharhi tana cewa ai malama guda bai kamata ta yarda ba. A wancan zamanin hedimasta da alƙali duk suna kwanciya a kafa musu ƙaho. Yau ma wasunku a ɓoye kuke zuwa, na san ku.

"Saurara da kyau," in ji Sista. "Likita zai dawo sau ɗaya kafin ruwa ya sauka. Daga nan zai tafi ƙarin karatu ƙasar waje, ba mu san wanda za a turo ba, ba mu san yaushe ba. In ya zo ya tarar da jininki haka, ba zai taɓa ki ba. Wuyan nan kuma ba zai jira wani likitan ba. Yi numfashi in ji."

Kubra ta ja iska. Wani siririn sauti ya fito daga maƙogwaronta kamar ana busa sarewar kara.

"Kin ji? Watan jiya babu wannan."

"Na ji."

"Aiki biyu kike yi da jikin da ko ɗaya ba zai iya ba. Ki ajiye ɗaya. Ki ci, ki kwanta. Ƙaho kuma ko a mafarki kika gan shi ki gudu. Kin fahimta?"

"Na fahimta."

"Malama, ki ji tsoro mana. Ko kaɗan ne."

Kubra ta mayar da rigarta. Ta so ta ji tsoron ko don ta faranta wa Sista, amma bai zo ba.

*

Malam Ƙasimu yana zaune a kan babur ɗinsa ƙarƙashin darbejiya. Da ya hango tafiyarta ya san amsar, amma duk da haka ya tambaya. Ta faɗa masa komai a jere, da muryar da take kiran sunayen yara da safe. Da ta zo kan ƙahon sai ya sauko daga babur ɗin.

"Ni ina zaune a zaure ina shan fura da Alhaji mai gidan, ashe a ciki jininki ake tsiyayewa?"

"Taimako suke yi."

"Shi ya sa kika daina cire riga in ina ɗaki."

"Na san za ka yi faɗa."

"Zandam za ki bari. Magana ta ƙare."

"Na yi tunanin in rage. In bar Talata da Alhamis, in riƙe Asabar kaɗai, tunda ba makaranta."

"Asabar ɗin da ya kamata ki kwanta?"

"Ko in roƙi hedimasta ya rage min darasin bayan tara."

"Ya ba wa? Malamai nawa gare shi? Yaran ajinki sun fi 'yan kasuwar ƙauye yawa. Malama, ki dubi ranarki ɗaya. Ki tashi da asuba ki ɗora tukunya. Ki tsaya gaban yara kina ɗaga murya har azahar. Ko abinci ba ki gama haɗiyewa ba mu hau hanyar nan da ramukanta. Ki sake tsayawa gaban allo har rana ta yi ja. Mu dawo kina gyangyaɗi a bayana ina riƙe hannunki kada ki faɗo. Ni da nake lafiya lau na gaji."

"Firamare aikin gwamnati ne, ba ya ajiyuwa."

"Shi na ce. Zandam za ki bari."

"In na bari, namiji za su turo. Ofishin yaƙi da jahilci ba su da wata macen, ka sani."

"Su turo mana."

"Ka manta rantsuwar Alhaji?"

Bai manta ba, yana wurin aka yi ta. Alhaji Abdulsalami, mai gidan da ake ajin a ciki, ya tara mazan unguwa a zaurensa kafin su yarda matansu su fito. Sharaɗin guda ne. Mace ce za ta koyar, kuma ranar da ƙafar wani namiji ta wuce zauren nan mata suna ciki, ranar an rufe ajin, ba kuma za a sake buɗewa ba. Alhaji ya rantse a kan haka gaban kowa. Matarsa Inna Turai, ƙawar marigayiya mahaifiyar Kubra, ita ta yi ta naci har aka kai ga wannan yardar.

"To a rufe," in ji Malam Ƙasimu. "Kafin ajin ba su rayu ba?"

"Tani fa?"

Ya kawar da kai.

Tani 'yar Inna Turai ce. Shekarun baya aka dawo da ita daga gidan miji ba ta magana, aka ce iska ce ta taɓa ta. Kullum tana ƙarshen tabarma, mayafi naɗe har haɓa ko ana zafin da ƙasa ke ƙona ƙafa. Ita ta riga kowa iya rubutu. Ranar da ta fara haɗa magana a kan ƙaramin allonta, ta miƙa wa Kubra ta karanta wa uwar. Abin da ta rubuta shi ne, Inna na gaji da kunu. Shekara da shekaru ana dama mata kunu ana cewa shi take so. Ranar matan sun yi dariya har da masu riƙe ciki, Inna Turai kuwa ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

"Ina tausayin Tani," in ji Malam Ƙasimu. "Amma Tani ba matata ba ce. Ke ce matata. Kina jin abin da ke fita daga wuyanki kuwa? Ni ina ji. Kina barci ina zaune ina saurarensa."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Kubra ta kalle shi, ta ga idonsa ya kaɗa. Ta san nan ne wurin da ya kamata zuciyarta ta motsa. Ta jira, ba ta motsa ba.

"Yau Alhamis," ta ce. "Suna jirana."

"Zan kai ki. Ki shiga ki sallame su, ki fito mu juyo. Ba allo, ba alli, ba kwanciya."

"To."

"Wannan to ɗin naki ya fara ba ni tsoro."

Ya tayar da babur.

*

La'asar ta yi sanyi suka isa Zandam. Ƙurar hanya ta shige mata maƙogwaro, tun daga mararraba take ɗan tari tana dannewa. Malam Ƙasimu ya cire takalmi ya zauna a zaure wurin Alhaji kamar kullum. Kubra ta ɗaga asabarin ƙofa ta shige cikin gida.

Matan suna zaune a tabarmi ƙarƙashin rumfa, kowace da ƙaramin allonta. Babban allon yana jingine da rumbu, an goge shi tas, an ajiye alli a gindinsa. Can gefe Abu matar wanzami ta riga ta shimfiɗa tabarmarta, zabira a buɗe, ƙahonni a jere cikin ƙwarya.

"Lale da Malama! Lale da 'yata!" in ji Inna Turai. "Yau kin makara. Ya asibitin?"

"An sake ɗagawa."

"Alhamdu lillahi," in ji wata daga baya, sai aka zungure ta.

Kubra ta ji, amma ba ta tsaya a kai ba. Ta tsaya a gaban allo inda ta saba tsayawa, ba ta ɗauki allin ba.

"Yau ba karatu. Magana na zo da ita."

Suka nutsu.

"An ce in ajiye aiki ɗaya har a yi min aikin wuyan nan. Na so in riƙe muku ko Asabar ce, Malam bai yarda ba. Zan roƙi ofis kada su turo kowa, a bar ajin a haka har in warke. Ban san ko za su yarda ba."

"In kika daina zuwa mazan nan ba za su sake barinmu ba," in ji wata. "Dama neman dalili suke."

"Na sani."

"To ya za mu yi?"

"Ban sani ba." Ta juya wajen Abu. "Ki mayar da kayanki, Abu. Sista ta ga bayana. Ta ce ƙahon ne yake kwashe jinin, shi ya sa kullum ake ɗaga aikin. Ba laifin kowa ba ne. Ba ku sani ba, ni ma ban sani ba."

Ta zaci za a yi salati, ko a tafa hannu, ko Abu ta fara rantse-rantse. Ba wadda ta yi ko ɗaya. Mata sun fi ashirin a wurin, kowace ta sunkuyar da kai tana kallon allonta. Abu ta fara tattara ƙahonni, ɗaya ya suɓuce ya gangara har gaban Kubra.

"Inna, ni dai na faɗa miki abin ya yi yawa," in ji Abu ƙasa-ƙasa.

"Rufe mana baki."

"Na ce miki ko ƙato ba a yi masa haka."

"Na ce ki rufe mana baki, Abu!"

Kubra ta dubi ƙahon da ke gabanta, ta dubi Inna Turai.

"Me ta faɗa miki, Inna?"

Tsohuwar ta gyara zama, ta miƙe ƙafafu, ta kalle ta ido cikin ido.

"Mun sani."

"Kun san me?"

"Mun san yana rage jini. Don haka muke yi."

Wata akuya ta yi kuka a bayan rumbu. Kubra ta ji ta sarai, har ta gane cewa ƙaramar ce mai baƙin kunne.

"Wa ya faɗa muku?"

"Ke. A nan inda kike tsaye. Ranar da kika dawo aka fara ɗagawa, kika ce likita ba ya yanka wanda jininsa ya yi ƙasa. Har kika zana mana kwalba a allo, kika ja layi, kika ce in bai kai nan ba ba a aiki. Kin ce mu riƙa riƙe abin da kika koya mana. To mun riƙe."

Sai a lokacin Kubra ta tuna. Da can sai ta yi ƙorafin baya ake kiran Abu, a kafa mata biyu a cire. Daga ranar kwalbar nan ne ya zama duk zuwa. Daga ranar ne ƙahonnin suka ƙaru, Inna tana danna mata kafaɗa tana cewa kwanta 'yata, gajiya ce, bari a ƙara ɗaya.

"Dukkanku?" ta tambaya.

Ba wadda ta ɗago.

"Dukkanmu," in ji Inna Turai. "Amma ni na kawo shawarar. In za ki tsine, ni za ki tsine wa."

"Don kada ajin ya mutu?"

"Ajin banza! Kina ganin don baƙaƙen nan masu kama da ƙafar kiyashi zan sa a zubar da jinin 'yar ƙawata? Ni da har yau ban iya haɗa uku ba? Tani, zo nan."

Tani ta girgiza kai.

"Zo nan na ce."

Ta taso a hankali ta durƙusa gaban uwar. Inna Turai ta sa hannu ta warware mayafin da ba wanda ya taɓa ganin an warware. A gindin wuyan Tani akwai tabo, dogo, daga wannan gefe zuwa wancan, da alamun ɗinki a jere.

"Ga iskar da ta taɓa ta," in ji Inna Turai. "Maƙoƙo ne, irin naki, bai ma kai naki ba. Mijinta ɗan boko ne, ya ɗauke ta ya kai ta wani asibiti can nesa, bai ko yi shawara da mu ba. Yarinyar da in tana daka tana waƙa har maƙwabta suke tsayawa. Ta shiga da muryarta, ta fito babu. Da ya ga haka ya sako min ita a mota da kayanta. Muka ce iska ce, don kada a ce mun bari an yanka 'yarmu kamar akuya."

Tani ba ta rufe wuyan ba. Hawaye yana zuba, bakinta yana motsi, iska kawai ke fita.

"Uwarki ta bar min amanarki tana kan gadon mutuwa. In zauna ina kallo a kai ki inda aka kai wannan? Gara ki yi ta yawo da maƙoƙonki. Mata nawa suka tsufa da shi a garin nan? Kakar Abu da shi aka binne ta, ta ga jikokin jikokinta."

Kubra tana kallon tabon. Ya kamata ta ji tsoro, ga abin da wuƙar take yi a gabanta. Ya kamata ta ji haushi, an yi wata da watanni ana tsiyaye ta tana godiya. Ya kamata ko tausayi ne ta ji. Wallahi ba ta ji komai ba. Lissafin ɗinkin kawai ta samu kanta tana yi, ta ɓata, ta sake farawa.

"Inna," ta ce, "nawa ba irin na kakar Abu ba ne. Ciki yake girma. Yana shaƙe ni."

"Za a yi rubutu. Za a nemo saiwa."

"Likitan sau ɗaya zai sake zuwa."

"Ya zo ya koma."

"In ya koma ba a yi ba, Sista ta ce..."

Tarin da take dannewa tun mararraba ya taso. Ta yi ɗaya, ta yi biyu. Na ukun ya tsaya a hanya.

Ta ja iska, ba ta shiga ba. Ta sake ja. Siririn sautin nan ya fito, ya ƙara sirancewa, har ya zama kamar kukan sauro. Ta dafa rumbu. Gwiwoyinta suka sauka ƙasa da kansu.

"Malama!"

"Ku kawo ruwa!"

"Ku yi mata fifita!"

"Inna lillahi, leɓenta ya canja!"

Abu ta kawo ruwa a moɗa, ya zube a ƙirjin Kubra, ko ɗigo bai wuce ba. Inna Turai ta rarrafo ta riƙe fuskarta tana tofa mata addu'a, tana cewa yi numfashi 'yata, yi numfashi mana.

Kubra ta buɗe baki ta kira mijinta. Yana nan kusa, bango ɗaya ne tsakaninsu, tana ma jin muryarsa yana ba Alhaji labarin takin zamani. Babur yana ƙofar gida. Shi kaɗai zai iya ɗaukarta ya kai ta inda za a buɗe mata hanyar iska. Ta kira, ba abin da ya fito.

Hannunta ya faɗa kan allin da ke gindin allo.

Tun da aka ɗaura musu aure bakinta bai taɓa faɗar sunansa ba. Malam take cewa, ko a bayan idonsa. Amma ta ɗaga hannu ta rubuta shi a ƙasan allon, da kalmomi biyu a gabansa, manyan baƙaƙe, a karkace, allin yana karyewa tana ci gaba da guntun.

Ihun ya ɗauke.

Waɗanda suka iya karatu sun karanta, shi ya sa suka yi tsit. Kowace ta san abin da zai biyo baya in aka yi abin da allon ya ce. Kuma ba wadda take da bakin kiran namiji cikin gidan nan sai matar gidan.

"Me ta rubuta?" in ji Inna Turai. "Ku faɗa min! Me ta ce?"



Tani ce ta tashi, wuyanta a buɗe. Ta kama hannun uwarta ta ja ta har gaban allo. Ta ɗora yatsan tsohuwar a kan baƙin farko, ta danna, ta kalle ta.

"Ban iya ba, Tani, kin san ban iya ba."

Tani ta sake dannawa.

Inna Turai ta matso da fuskarta.

"Ku..."

Yatsan ya matsa.

"Ki... ra. Ku kira."

Ya sake matsawa.

"Ƙa... si... mu."

Ta tsaya. Ta dubi tabarmi da ƙananan allunan da aka watsar. Ta dubi Tani, wadda ba ta da wani baki a duniya sai wanda ajin nan ya ba ta. Tani ta gyaɗa mata kai. Ta dubi Kubra a ƙasa, idanunta a buɗe, ba tsoro a cikinsu, ba roƙo, kallo kawai.

Tsohuwar ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba.

"Malam Ƙasimu!"

Hirar zaure ta yanke.

"Malam Ƙasimu, shigo! Shigo da gudu!"

Muryar Alhaji Abdulsalami ta taso daga bayan bango.

"Turai! Mata suna ciki. Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani, Alhaji. Da kaina na karanta."

Asabarin ƙofa ya ɗaga.